Modepas a Cikin Laya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuɓe riga a gaban manyan koperatib ɗinmu, ƙungiyar manoman aya ta Madarunfa, ba, ni da nake taƙama da cewa duk garin babu wayayye kamata.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Wani porje na tallafi ya kawo wa manoman aya ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya, aka jona ta da layin tarho don mu riƙa aika wa masu sayen aya na ƙasashen Turai saƙo kai tsaye, ba sai dillalai sun shiga tsakani ba. Ni ne sakatare, don haka ni aka tura Yamai horon kwana biyar. Na dawo ina tafiya kamar ni na ƙera na'urar.

Mai horar da mu ya tsorata mu sosai a kan modepas, wato kalmar sirrin da ake bugawa kafin akwatin saƙo ya buɗe. Ya ce duk wanda ya san ta zai iya rubuta wa mai saye da sunanmu ya karkatar da cinikin. Kada a sa sunan mutum, kada a rubuta a ajiye a durowa, kada a faɗa wa kowa. Na haɗa wata gwama-gwama ta haruffa da lambobi, sannan na zauna ina tunanin inda zan ɓoye ta, don na san kaina da mantuwa.

Sai dabara ta zo mini (har yau ina jin kunyar yadda na yaba wa kaina a ranar). Na rubuta ta da bik, wato biro, a 'yar takarda, na nannaɗe, na kai wa baduku ya ɗinke a jar fata. Na rataya ta a ƙarƙashin riga tare da layuna biyu da babu wanda ya san ina da su. A buro kuwa, wato ofishinmu, ni ne mai yi wa manoma lacca cewa zamanin laya ya wuce.

Da kaka ta yi, na shafe mako uku a ƙauyukan Gabi ina tattara buhuna. Ranar da na dawo, Alhaji Mamman, shugaban koperatib, ya tare ni a ƙofa. Ya ce mai sayen ayarmu ya bugo tarho cewa ya turo takardar ciniki ta ordinatar, in bai ga amsarmu kafin azahar ba, zai saya a wani wuri. Aya ce ta shekara guda ta gidaje da yawa, tana jibge a magaza, wato sito. Manyan koperatib duk sun cika buro, har da Hajiya Rabi, shugabar mata, wadda kullum nan take zama tana jiran mutanenta.

Na zauna, na gyara hula, na ɗora yatsa. Kaina fayau. Na buga abin da nake zato, ta ƙi. Na sake, ta ƙi.

"Sakatare, mi ya hwaru?" in ji Alhaji. "Ko kuran ne, wuta ta ɗauke?"

"Kuran lahiya lau, Alhaji. Ku ɗan ba ni wuri."

"Babu inda za mu. Rana tana yi."

Babu yadda zan yi. Na miƙe, na cire riga, ga layu uku reras a ƙirjina, duk jar fata, duk ɗinkin baduku ɗaya. Kowa ya zuba musu ido. Wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe mushe ɗan boko ma yana taɓawa."

Na ari reza na farke ta farko. Ta tsarin baki ce. Na farke ta biyu, takardar ta faɗi daidai ƙafar Alhaji. Ya ɗauka, kuma shi mutum ne mai karanta ajami kamar ruwa. Layar farin jini ce, da sunan wadda nake so a rubuce sau bakwai: Hadiza, 'yarsa ta fari, wadda ban taɓa iya yi wa ko sallama mai kyau ba. Ya karanta, ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ta ukun ita ce ta modepas. Na warware ta da sauri, sai na tarar gumin mako uku ya narkar da tawadar. Babu abin da ya rage sai shuɗin tabo. Nan fa hankalina ya tashi da gaske, don na ga ayar mutane za ta ruɓe a kaina.

Hajiya Rabi, wadda ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, wai wannan karatun naka na kowace sahiya kake nema? Ka, bakwai, zad, huɗu, em, tara?"

Na juyo baki buɗe. "Hajiya, wa ya gaya miki?"

"Kai mana. Kullum kana dannawa da yatsa guda kana hwaɗi da ƙarhi. Mai hura ta bakin taga ma ta haddace shi."

Na buga, akwatin ya buɗe. Saƙon ya tafi ana kiran azahar, ni kuwa ko riga ban mayar ba. Dariyar da aka yi a buron nan, na tabbata an ji ta har bakin tafki.

Da kowa ya watse, Alhaji ya tsaya a ƙofa ya ce, "Gidana ba ya da modepas, sakatare. Turo manyanka." Hadiza da aka tambaye ta ta ce ta yarda, da sharaɗin kada in sake ɗinke komai a fata.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya kulle na'ura, ya fara kulle bakinsa. Ni dai har yau ban iya ba. Shi ya sa duk wata lambar sirri ta gidanmu Hadiza ce ke riƙe da ita, kuma in za ta buga sai ta ce in fita waje.