Ranar da Na Zama Baƙin Rami a Filin Koleji

Ba zan taɓa mantawa ba: ƙarfe goma da kwata na safe, a filin kolejinmu na Matameye. Akwai darekta, akwai sufeton makarantu da ya zo daga Damagaram, akwai yaran azuzuwa biyu, sai ni, sirbeyan, wato mai tsawata wa yara. Shekarar fari da yunwa ce, sojoji ke mulki, ni ma ina tafiya kamar an ba ni igiyar soja.

Na daɗe ina neman a mai da ni malamin aji. Darekta ya ce in koyar da darasi ɗaya a gaban sufeto, in ya gamsu, shi ke nan. Maimakon in ɗauki lissafi, sai na ɗauko abin da na ji a rediyo (sau ɗaya, batir yana mutuwa): yadda garken taurari biyu ke haɗuwa a sama.

Ga yadda na fahimta. Na farko, garkuna biyu su gwamutsu. Na biyu, iskar da ke cikinsu ta matsu wuri guda, a haifi sababbin taurari da yawa. Na uku, baƙin ramin da ke tsakiya ya haɗiyi rabonsa, ya yi zafi, ya fatattaki sauran iskar, haihuwar taurari ta tsaya.

Na tsara komai. Aji ɗaya garke, ɗayan garke. Iska kuwa soyayyiyar gyaɗa ce, cike da tire. Yara za su tako a layi, kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya, duk huɗun da suka haɗa gyaɗarsu sun zama tauraro. Ni ne baƙin rami, ina tsakiya da tire a hannu, usur a baki. Abu ɗaya ban sa a tsari ba: yawancinsu daga Kurni da Dawce suke tahowa a ƙafa, ko koko ba su sha ba.

Na busa usur.

Ba layi, ba taku. Garkuna biyu suka afka mini lokaci guda. Tire ya tashi, hulata ta bi shi, na tsinci kaina a ƙasa, wani yana tsince gyaɗa daga aljihun rigata yana cewa, "Yi haƙuri, Mushe, ɗaga hannunka kaɗan." (Mushe shi ne Malam da Faransancin yaranmu.) Na miƙe na zaro bulala, na yi ta ihu ina juyi kamar mai bori. Kafin ka ce me, fili ya zama wayam.

Sufeto ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga kafaɗarsa (har shi ya samu rabo). Ya ce, "Malam, ina taurarin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a kai ga haifarsu ba."

Ya ce, "To mataki na uku dai ka iya shi. Ka kori kowa, ba a haifi ko ɗaya ba. Ci gaba da aikinka na sirbeyan, ya dace da kai."

A sirbeyan na yi ritaya. Na gane cewa ciki in babu komai a cikinsa, ba ya bin layi, ko da soja ne ya busa usur. Yaran nan yanzu magidanta ne, wasu alhazai, amma har yau a kasuwa sai in ji, "Baƙin Rami, ina kwana?"

Mai karatu, in ka zo Matameye kana nemana, ka tambayi gidan tsohon sirbeyan. Za su gyara maka sunan. Don Allah kada ka maimaita.