Lifidin Barde Tanimu

Samarin wani gari ne suka shirya kwaikwayon yaƙin da kakanninsu suka taɓa gwabzawa da maƙwabta, aka ce kowa ya nemo kayan yaƙinsa da kansa. Tanimu mai faci, wanda Allah ya hore wa baki, tun kafin a ce wane zai fito a wane ya riga ya aika wa surukansa cewa su zo su ga yadda maza ke faɗa. Ya nufi maƙera zai sayi sulke. Da ya ji kuɗin, sai ya tuna cewa dama ƙarfe zafi gare shi. Wani ya ba shi shawara ya koma ga lifidi, rigar yaƙin nan da ake cusa wa auduga don ta tare sara da kibiya. To wa ya san kan cusa auduga a garin in ba Baba Na'ibi mai katifa ba? Tanimu ya tsuguna gaban tsohon, ya yi ta jan ciniki har Baba Na'ibi ya gaji ya ce masa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Ana gobe wasa ya je karɓa. Tsohon ya miƙo masa rigar. Da ragowar yadin katifa aka yi ta, shuɗi mai manyan furanni jajaye. Ya daure ya zura, hannuwansa suka ƙi sauka, ya tsaya kamar mai shanya hammata. Surukansa kawai yake hangowa a sahun gaba, kunya ta kama shi tun ba a je ba.

Ya ce, "Haba Baba! Barde fa zan fito. Wannan ai katifa ce ka huda wa wuya!"

Tsohon bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado."

"Don girman Allah ka gyara min. Wallahi surukaina za su zo, har da kakar matata."

Baba Na'ibi ya ajiye basilla, ya ce, "To, in gyara ne sai na san aikin da rigar za ta yi. Kai ne Sarkin Yaƙi?"

"A'a, an ba Ɗanlami."

"Kai ne mai riƙe tuta?"

"Ba ni ba ne."

"To faɗan naka zai kai minti nawa?"

Tanimu ya sosa ƙeya, ya waiwaya ya ga ba mai jin su, sannan ya rage murya ya ce, "Gaskiya Baba, ana buga tambari ni za a fara sokewa."

"Sai ka miƙe ka bar filin?"

"Ina! Cewa suka yi gawa ba ta motsi. A nan zan kwanta har a tashi, kamar awa biyu dai."

Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya lallatsa audugar rigar, ya gyaɗa kai.

"Ashe dai ɗinki ya yi daidai, ɗana. Laifina ɗaya, na manta ban haɗo maka da matashin kai ba."