Matajin da Ya Watsa Layin Biki

Ranar bikin ƙanwar mijina na ƙudura sai na nuna wa danginsa, Fulanin cikin Yola masu gashi har gadon baya, cewa ni ma ba kanwar lasa ba ce. Gashina kuwa ko an tattara shi kaf ba zai cika cokalin shayi ba. Na tsefe kitso, na ɗauko mataji mai wutsiyar ƙarfe, na dinga taje gashin baibai har ya tashi kamar sheƙar shamuwa. Sai matajin ya maƙale a tsakiya. Na ja, na yi salati, ya ƙi fita. Mota na jira, don haka na ɗaura ɗankwali a kansa, na fita ina yanga.

Lokacin ana tsaka da tashin bama-bamai, ba a shiga taro a Jimeta sai an shafa wa mutum na'urar bincike. Da layi ya zo kaina a ƙofar wurin bikin, mai binciken mata ta kai na'urar saitin kaina, sai ga ƙara: tii! Ta ja da baya. Layi ya watse, wata har da barin takalmi. Wani ɗan banga ya ɗaga gora, ya ce: "Hajiya, kar ki motsa! Me kin ɓoye a kai?"

Na ɗaga hannu zan kwance ɗankwalin, aka sa ihu. Sai Adda, yayar mijina, ta yi ta maza ta fizge ɗankwalin. Ga mataji tsaye ƙiƙam kamar eriyar rediyo.

Ko jiya da na yi sallama a gidanta, Adda ba ta amsa ba. Cewa ta yi, "Tii! A duba kanta tukuna."