Yadda Dillalin Shanu Ya Ɗaura wa Koriyawa Aure

"…ya gajiyar hanya, bawan gidanmu? Ka kawo?"

"Lafiya lau, na gode. Iyali ma ƙalau suke, tunda kin matsa da tambayarsu."

Rauda ba ta kula shi ba, ta miƙa hannu ta karɓi wayarta. Mai kitso ce a Kongolam, kuma ta ƙirga: tun da ta fara ba wa matan gari labarin wani fim ɗin Koriya tana yi musu kitso, kawunan da take kamawa a mako suka tashi daga tara zuwa ashirin da uku. Takan kalli kashi ɗaya, ta zuba musu shi da bakinta. Ba mai motsi, ba mai cewa an ja mata gashi. Kashi goma sha biyar ta bayar, na ƙarshe ne bai iso wajen masu tura fim na garin ba. Shi ya sa ta aiki taubashinta Maharazu, ɗan gwaggonta, dillalin shanu, ya turo mata shi daga Daura. Bayan azahar Shatu amarya za ta zo kitson biki da ƙawayenta shida, kuma sun faɗa mata ƙarshen labarin suka biyo.

"Ƙarfe goma na ce ka dawo," in ji Rauda. "Saura minti arba'in su iso, fim kuwa minti saba'in ne. Ko jaki na aika da ya riga ka."

"Da kin aike shi, ai kun fi jin maganar juna. Mota ce ta lalace mana. Don takaici har na kalle shi a bakin hanya."

"To zauna ka ba ni a gurguje. An ɗaura auren Dogo da 'yar mai taliya?"

Sunayen da ta raɗa wa mutanen cikin fim ɗin ke nan, don na asalin sun ƙi zama a bakin matan Kongolam. Maharazu ya tsuguna a bakin tabarma, ya gyara hula.

"Dogo ya fito zai tsallaka titi, sai ga wata farar mota."

"Ta kawo lefe?"

"Ta kwashe shi. Ya farka a asibiti, ya gane uwarsa, ya gane direbansa, har karensa ya gane. Yarinyar kaɗai ya manta."

"Maharazu, ba ni da lokacin wasa."

"Ita kuma ta yi kuka a cikin ruwan sama, ta hau jirgi ta tafi karatu. Sai aka rubuta wai an yi shekara uku. Suka haɗu a kan titi, ya kalle ta, ta kalle shi, suka yi murmushi."

"Sai me?"

"Sai rubutu ya fara hawa sama."

Rauda ta ajiye tsinken kitso. "Kai da ka sayar da tsohuwar saniya mai sauran haƙori biyu ka ce karsana ce mai kunya, ni za ka yi wa? Wannan ƙaryar ma ba ka dafa ta ba. Uwarsa fa, muguwar nan da ta watsa wa yarinya ruwa sau huɗu?"

"Ta ce a yi haƙuri. Aka yi."

"Mai Lema fa? Bawan Allah kashi goma sha biyar yana riƙe mata lema, shi yana jiƙewa."

"Ya naɗe lemarsa ya yi gaba."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka. Ga waya a hannunki, ja shi zuwa ƙarshe."

Ta ja. Ga titi, ga Dogo, ga yarinya. Ta ƙirga: daƙiƙa arba'in da ɗaya suna kallon juna, ba wanda ya ce sannu. Rubutu ya hau sama. Ta juya wayar ta duba bayanta, kamar sauran labarin zai faɗo daga can.

"Ba a turo shi duka ba."

"Iyakarsa ke nan. Mai turawar ma ya ce tun shekaranjiya mata ke zuwa suna zaginsa, kamar shi ne Koriya."

Rauda ta zauna daɓas. Mako biyar tana wannan aiki. Wata dattijuwa, Iya Kande, sau uku tana tsefe sabon kitso don kawai ta dawo ta ji ci gaba. Shatu kuwa kowa ya san ta ce Dogo angonta ne sak, har tafiyar. Jibi za a kai ta.

"Yaya zan dubi amarya, gashinta a hannuna, in ce mata ango ya manta da ita ya tuna da kare?"

"Sai ki faɗa bayan kin kama kitson ƙarshe, don kar ta tashi da rabin kai."

"Mutanen nan ba su da manya ne? Kashi goma sha shida, ba kawu ɗaya da ya ɗauki goro ya je neman aure. Sai cin taliya da kallon juna."

"Shi ya sa nake gaya miki ki koma labarin Gizo. Ko ki gyara musu kayansu."

"In yi ƙarya? Ni ba dillaliya ba ce."

Maharazu ya yi dariya har hularsa ta zame. "Koriyar kwalbar nan da suke sha har su kife a kan tebur, me kika ce wa mata?"

"…Ruwan tsamiya."

"Ranar da Dogo ya goya yarinyar a baya fa?"

"Na ce ɗan acaɓa ya kira mata. Kai, a gaban Iya Kande zan ce namiji ya goya budurwa? Ta kira min Hisba?"

"To ai tun kashin farko ke kike riƙe da linzamin. Yau ne imani ya motsa?"

Ta dubi agogo. Minti ashirin da biyu. Ta matso da kujerarta.

"Bawa, yi aikinka. Ka gyara min shi."

"A ce ranka ya daɗe tukuna."

"Ranka ya daɗe a bauta. Fara."

Ya miƙe ƙafa kamar mai shirin ciniki. "Farar motar nan ba za a yi asararta ba, tunda an riga an ɗauko ta. Ki bar ta ta taho. Sai dai ta kauce wa Dogo, ta samu uwar."

"Ban yarda da kisa ranar kitson biki ba."

"Ƙafa ɗaya kawai. Tana kwance a asibiti, duk masu yi mata fadanci suka watse. Wa ke kawo mata abinci?"

"'Yar mai taliya." Rauda ta fara ƙirgawa da yatsu. "Kwana goma sha ɗaya. Ranar sha biyu ta kama hannunta ta fashe da kuka."

"Ranar sha uku ta tura ƙannen mijinta da goro. Kowa ya sa babbar riga."

"Ba sa sa babbar riga."

"A bikina za su sa. Mai Lema kuma a ba shi ma'aikaciyar asibitin nan mai tabo a haɓa, wadda ta ɗinke masa goshi ranar da ya yi faɗa da 'yan daba. Tun ranar na ga yadda take kallonsa."

Rauda ta tsaya da ƙirga. Ta dube shi a hankali, tun daga hula har takalmi.

"Mai tabo a haɓa a kashi na huɗu take. Ba ta sake fitowa ba."

"Haka aka ba ni labari."

"Wa ya ba ka? Shanu?"

"Mutum yana jiran mai saye a kara, sai ya zauna yana kallon wutsiya? Na ɗan leƙa ne."

"Leƙe kashi nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Wai Mai Leman nan ne ya ba ni tausayi. Da motar nan ta kwashe Dogo, sai da na ce wa direbanmu ƙura ce ta shigar min ido."

Sallamar mata ta taso daga ƙofar gida, muryar Iya Kande a gaba, tana tambaya ko an fara babu ita. Rauda ta kwashe da dariya, ta shiga ɗaki ta fito da kwanon dambu, ta dire masa a hannu.

"Ungo. Na yarda, duk Koriya ba maƙaryaci irinka. Koma zaure ka ci, amma kar ka tafi. Iya Kande sai ta tambayi sadaki."

Ya buɗe kwanon ya leƙa, ya miƙe.

"Ki ce shanu goma sha biyu. In ta yi musu, ki ce ni na yi dillancin."