Yadda Na Zama Likitan Ido

Kawuna Alhaji ya buɗe ɗan shagon koyar da kwamfuta a Ƙanƙara, ya ce tunda na yi karatun abin, in zo in saita masa manhajar rubutu. Na iso da jaka a kafaɗa, ina taku kamar ni na ƙera kwamfutar.

A cikin fayil ɗin saiti mutum yakan bar wa kansa 'yar tunatarwa. In ya sa alamar da ta dace a farkon layi, kwamfuta sai ta tsallake shi. Na sa alamar da na saba da ita a wani wuri, ban ko duba ba, don a ganina dubawa ta 'yan koyo ce. Na rubuta: "Na ƙara girman rubutu saboda Kawu ba ya gani, kuma girman kai ya hana shi sa tabarau."

Ashe ita wannan manhajar alamarta daban. Ranar buɗe shago, an shafa addu'a, ga baƙi har daga Faskari da Sabuwa, Kawu ya buɗe ta. Ta kasa gane layin, sai ta baje shi jajir a kan allo, da manyan haruffan da ni na zaɓa.

Kawu ya karanta da ƙarfi, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe bai yi ba. Ya juyo ya dube ni: "To, wanga kam na gan shi."

Bai kore ni ba. Sai dai har yau in na yi sallama a gidansa, yakan gyara tabaransa ya ce, "A kawo tabarma, ga likitan ido."