Rasuwar Auta, Samfur Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan gilashin da yanzu yake sheƙi tas, nake sanar da rasuwar Auta, wadda ta bar mu ranar Talata da hantsi a ɗakin gwaje-gwajenmu.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiya girafin ce, wato ɓawon baƙin fensir mafi siranta, shimfiɗa biyu, ɗaya a ɗan karkace bisa ɗaya. Wata takwas na yi ina ɓare baƙin fensir da salatif kafin in same ta. Yayyenta arba'in duk ba su zo da rai ba.

Ta yi rayuwa ta ladabi. In na murɗa mata ƙarfin lantarki kaɗan, sai ta sauya yadda take wucewa da wuta da yadda take shan haske, ba musu. Ba a taɓa jin muryarta ba sai ta bakin na'urar awo: "ƙit, ƙit, ƙiiit." Mu biyu ba masu magana ba ne, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Farfesa mai duba aikina ne ya shigo da baƙi, shi da ya rubuta da hannunsa a jikin ƙofa cewa kada kowa ya taɓa samfur ba safar hannu. Ya ɗaga gilashin da take kwance a kai sama, ya hango ɗan ɗigo a tsakiya, ya ɗauka datti ne. Wannan ɗigon kuwa ita ce. Ya hura mata hucin baki kamar yadda yake yi wa tabaraunsa, ya goge da gefen riga, ya nuna wa baƙi irin tsabtar aikinmu. Sun yaba ƙwarai. Ina tsaye a bayansa, ina ta tsara yadda zan ce masa ya dakata cikin girmamawa. Kafin in gama tsarawa an gama.

Ta bar awo ɗaya da ba a kammala ba, da babi na huɗu mai kai ba gangar jiki, da ni, da zan kare kundin digirina nan da mako uku. Ta kuma bar mahaifiyata, wadda ta riga ta gaya wa dangi na gama.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma, idan an ga gawar, domin har yanzu tana jikin rigar Farfesa. Ana karɓar gaisuwa a teburina na kusa da taga. Mai zuwa ya taho da salatif.

Ƙarin bayani: ɗazu Farfesa ya tsaya karanta wannan sanarwa a allo. Ya cire tabarau, ya kai baki zai hura, sai ya fasa. Ya mayar da shi, ya ja ƙofa a hankali.