Yadda Za Ka Kuɓuce wa Rumbun DNA, Ko da Ka Yar da Asuwaki

"Injin DNA ɗin nan ba ya ƙarya, Ɗan'auta," in ji Nadiya, matar yayansa. Ya ce mata injin ma ɗan Adam ne ya haɗa shi, ya ci gaba da shan shayinsa. Shi ya kwance esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya sace a wani shago a unguwar Misfala ta Makka ranar Talata, kuma har yau a gida yake kwana. Bi sawunsa. Sakamako tabbas ne.

1. San abokin gabarka.
Shurɗa, 'yan sandan nan ke nan, sun daina bin sawun takalmi. Yawu, gashi, ɗigon jini: su kai ɗakin gwaji, su ciro lambar halittar mutum, su tambayi kwamfuta ko ta taɓa ganinta. In ba a taɓa kama ka ba, ba ta san ka ba. To, kada a taɓa kama ka. Yawancin mutane a nan suke faɗuwa.

2. Nemi gashi.
Je wurin mai yi wa masu Umra aski, ka ce za ka kwashe masa shara don Allah. Ɗan'auta ya watsa buhu guda a shagon da ya kwance esin: gashin Turkawa, 'yan Indunusiya, 'yan Pakistan. Daga baya ya ji gashin da reza ta yanke ba shi da saiwa, bai cika amfani ba. Ba komai. Ladan sharar na nan.

3. Kada ka sa kayanka.
Ɗauki jallabiyar yayanka daga ƙusa. Mailafiya, yayan Ɗan'auta, direba ne, ba ya lura da riguna. Bara aka tsare shi kwana uku kan iƙamarsa, takardar izinin zama, da ta ƙare, aka goga masa auduga cikin baki aka ɗauki lambar halittarsa.

4. Kada ka duba aljihu.
In asuwakinsa ya faɗo lokacin da ka sunkuya, ƙaddara ce.

5. Yi shiru.
Ranar Alhamis shurɗa suka zo, suka yi sallama, suka tafi da Mailafiya. In ba a wanke shi ba, bayan ɗauri za a mai da shi Katsinar da ya bari yana goye. Raka su ƙofa, ka ce Allah ya bayyana gaskiya. A hankali za ka faɗa.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya, har da kallon da uwa za ta yi maka. Ba da shi kuma aka zauna ba lokacin da Nadiya ta zazzage jallabiyar nan za ta wanke, jan gashi mai lalle ya zubo daga aljihu. Mijinta sanƙo gare shi. Ta dubi kowa, ta tsaya a kan mai shayi.

"Wa ya sa rigar nan ranar Talata?"